Baƙin Allon Da Ba Ya Riƙe Hanya

Zuwa ga Mai Girma Baƙin Allo,
Shugaban Karɓar Umarni, Gwanin Amsa Da Layi Ɗaya,
Mazaunin Kwamfutar Ofishin Jarrabawa,
Makarantarmu Ta Arawa, Gombe.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan masu wuta ba su kashe ka a tsakiyar tunani ba, ina neman izini in gabatar da kaina, ko da yake wata uku ke nan kullum da safe ina zaune a gabanka. Na san ba ka riƙe fuska. Sunana Ijeamaka Aloysius, yara na ce mini Anti Ije. A nan Gombe aka haife ni, babana ya shekara talatin yana sayar da kayan famfo a cikin garin nan. Ni ce malamar kwamfuta da Madam Jummy, mai makarantar, ta ɗauka a kan gwajin wata uku. Gwajin zai cika jibi Litinin. A ranar za a faɗa mini ko in ci gaba da zuwa, ko in koma gida Tumfure in zauna ina ƙirga masarar maƙwabta. 'Yata Olivia tana aji biyu a nan saboda ni ma'aikaciya ce, in na fita tare za mu fita. Saboda wannan Litinin ɗin nake rubuto maka.

Domin masu karatu da ba su taɓa samun alfarmar ganinka ba, bari in kwatanta ka. Kai ne baƙar tagar nan da ake buɗewa a kwamfutar Linux, ba hoto ba fure, sai ɗan ƙaramin layi yana ƙifta ido yana jiran umarni. Idan aka rubuta sunan manhaja, sai ka tashi ka neme ta a wasu foldoji da aka jera maka. Wannan jerin shi ake kira PATH, wato hanyoyin da ka yarda ka bi. Idan manhajar tana kan hanya, ka kawo ta. Idan ba ta kan hanya, ko da a ɗakin da kake tsaye take, sai ka ce ba ka taɓa jin sunanta ba. Ga ƙorafe-ƙorafena nan, na sa musu lamba saboda na lura da lamba kaɗai kake shiri.

Na ɗaya, mantuwarka. Malamin da na gada, Oga George, ya rubuta wata manhaja mai suna sakamako. Ita ke tara makin ɗalibai, ta fitar da na ɗaya da na ƙarshe, ta buga katin kowa. Ya ajiye ta a wata folda da ba ta cikin hanyoyinka, don haka kowace safiya sai an yi maka kwatance da wannan layin:

export PATH=$PATH:/home/ofis/george

Da an rubuta sai ka zama ɗan albarka, ka yi aiki kamar ba kai ba. Amma a rufe tagar a buɗe wata, shi ke nan, an koma gidan jiya. In rubuta sakamako, ka dube ni ka ce "command not found," wai ba ka ga umarnin ba. Minti biyu da suka wuce fa tare muka gama makin aji huɗu! Haka kuma in aka ɗauke wuta, abin da a Arawa ba sai an daɗe ana jira ba. Akwai ranar da na yi maka kwatancen nan sau tara kafin tashi. Mai keken da ke ɗauko ni daga Tumfure kwana uku ya yi ya riƙe kwanar gidanmu, alhali gidan ko lamba ba shi da ita, tsakanin gonar wake yake da wani kango. Kai kuwa shekara huɗu ana nuna maka folda ɗaya tak. Ko dai akwai dokar da ta hana manya riƙe hanya, mu ƙanana ne ba a sanar da mu ba?

Na biyu, maganar takarda. Da Oga George ya sami aiki a Jos, sai ya rubuta layin da jan biro a bayan wata tsohuwar kalanda, ya yanka, ya liƙa a gefen fuskarka da salatif. Iyakar bayanin miƙa aiki da na tarar ke nan. Duk makarantar nan ana jin tsoron takardar. Debby, mai zama a teburin karɓar baƙi, ta taɓa gwada kwafar layin sau ɗaya, ta bar tazara inda ba a bari, ka ƙi ta ƙememe, tun daga ranar ta ce kana da aljanu. Idan na makara, ba mai kusantarka, sai a ce a jira Anti Ije, ita ta san karatun. Ba zan ɓoye maka ba, ina jin daɗin wannan jiran ƙwarai.

To, Litinin da ta wuce Madam ta sa a yi wa ofis fenti, saboda iyaye za su zo Juma'a karɓar kati. Ta ga takardar ta yi baƙi, gefenta ya nannaɗe, ta ce wannan ƙazantar ba za ta tarbi baƙi ba. Da hannunta ta ɓalle ta, ta jefa a shara, kafin in fito daga aji har an ƙona. A gabanka aka yi, kana kunne, kana ƙifta wannan ɗan idon naka, ko tari ba ka yi ba. Na same ta na ce, "Ma, takardar nan fa ita ce mabuɗin aikin." Ta zare tabarau ta ce, "Wata uku kina kallon layi ɗaya ba ki haddace ba? To, Juma'a ƙarfe goma iyaye za su zauna. In babu kati, Litinin ba sai kin wahalar da kanki da hawa keke ba." Ranka ya daɗe, na yarda ban haddace duka ba. Amma wa ya fi cancanta a yi wa wannan tambayar, ni mai wata uku ko kai mai shekara huɗu?

Na uku, yawan ofisoshinka. Tafiyar keke daga Arawa zuwa Tumfure tana da tsawon da mutum zai iya yin karatu, don haka na buɗe waya na shiga bincike, rami na jefa ni sama ina riƙe da ita gam. A nan na gano abin da ya kusa sa in faɗo. Ashe akwai yadda ake faɗa maka magana sau ɗaya ka riƙe har abada! Wai a rubuta layin a cikin wani fayil da kake karantawa duk sa'ad da ka farka. Madalla. Amma wanne? Akwai .profile, akwai .bashrc, akwai .bash_profile, akwai kuma wani can a /etc/environment. Wannan sai lokacin da mutum ya shiga da kalmar sirrinsa kake duba shi. Wancan duk buɗe taga. Wani kuma in yana nan, ba ka ko kallon ɗan'uwansa. Na ƙarshen na kowa da kowa ne, sai da izinin babban mai gida ake taɓa shi. Kuma ukun farko ɓoye suke, an sa musu ɗigo a gaban suna don kada su fito a cikin jeri. Ina tambaya da dukkan ladabi: wace hukuma ce ke buɗe ofishin karɓar koke har huɗu, sannan ta cire musu allon ƙofa?

Ranar Talata na kai kokena .profile. Na rufe taga, na buɗe, ka ce ba ka gani ba. Ban san cewa wannan ofishin sai an fita gaba ɗaya an sake shiga yake buɗe wasiƙa ba, kai kuma ba ka ga dalilin faɗa mini ba. Na goge, na ce gobe sai .bashrc.

Na huɗu, kuma a nan ina roƙon ka gyara zama, abin da ka yi mini ranar Laraba. Na buɗe fayil ɗin da nano, ɗan abin rubutun nan naka, na zauna in rubuta layin daga ka. Na tuna farkonsa, na tuna foldar Oga George. Akwai wani ɗan guntu a tsakiya, mai alamar dala da ɗigo biyu, wanda ban taɓa sanin amfaninsa ba. Na ɗauka ado ne, domin Oga George mutum ne mai son ado, sa hannunsa ma sai ya yi masa wutsiya. Na bar guntun, na ajiye, na rufe, na buɗe sabuwar taga, na rubuta sakamako. Sai ga shi ya tashi! Na miƙe tsaye na ce Chineke, Ubangijina, na gode maka. Ban gama rufe baki ba ya nemi firinta, ka ce ba ka san ta ba. Na rubuta ls, ɗan umarnin da ke nuna abin da ke cikin folda, wanda ko ɗan aji uku ya iya, ka ce ba ka gan shi ba. Na ce to bari in koma in gyara, na kira nano. Nanon da muka rabu da shi yanzu-yanzu, ka ce ba ka taɓa jin wani mai wannan sunan ba.

Daga baya na fahimci cewa ɗan guntun nan ma'anarsa ita ce "tare da duk hanyoyin da ka sani a da." Tunda ban faɗa ba, sai ka zubar da su kaf, ka riƙe foldar Oga George kaɗai a duk duniya. Ranka ya daɗe, wannan biyayya ce ko mugunta? Idan na ce wa mijina Chuks ya biya kasuwa ya sayo manja, ba ya manta hanyar gida don kawai ban ambace ta ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, a wannan karon ne ka ga damar nuna cewa kana da ƙwaƙwalwa. Na rufe taga na buɗe ya fi sau ashirin, kuskuren yana nan daram. Shekara huɗu ana faɗa maka daidai kana mantawa, rana ɗaya aka faɗa maka ba daidai ba ka rungume.

Na kulle ƙofar ofis na yi kuka, kuka sosai, har da majina. Ta taga ina jin 'yan aji biyu suna rera jadawalin lissafin sau uku, ina iya ware muryar Olivia a ciki saboda kullum ita ke riga kowa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na kira Oga George sau bakwai, a na takwas ya ɗauka, yana tauna wani abu. Ya ce, "Anti Ije, wannan ba aikin waya ba ne. Ki ce wa Madam ta turo mota Jos." Kafin in ce wani abu ya ce layin ba kyau, alhali ina jin ƙarar cokalinsa tar.

Na biyar, littafinka na ɓoye. Alhamis da safe na zauna a gabanka ba ni da abin rubutawa. Don haushi kawai na danna maɓallin kibiya mai kallon sama. Sai ga umarnin da na rubuta jiya ya fito. Na sake dannawa, ga na gabansa. Na yi ta dannawa kamar mai tsinke zogale, har na wuce Talata, na wuce Litinin, sai ga layin Oga George cikakke, da dalarsa da ɗigonsa, ko harafi bai ɓace ba. Ashe duk abin da ake faɗa maka kana rubutawa kana ajiyewa! Ashe kwana uku ina neman abin da ke aljihunka, kana kallona! To wannan ai ya wuce mantuwa. Irinku mun san su: a kawo takarda, a karɓa da hannu biyu, a buga hatimi, a sa a fayil, gobe mai ita ya dawo a tambaye shi daga ina.

Saura yadda zan shiga in gyara, tunda ka ce ba ka san nano ba. Wayata ta ce in kira shi da cikakken adireshinsa. Na rubuta /usr/bin/nano, wato sunansa da na babansa da unguwarsu, sai ga shi ya fito yana murmushi kamar ba abin da ya faru. Na goge gurgun layina, na sa na gaskiya, na ajiye. Na rufe taga na buɗe, ka tuna. Na kashe kwamfutar gaba ɗaya na kunna, ka tuna. Na zare wayar wuta daga bango da gangan, Allah ya yafe mini, na mayar, ka tuna. Ranka ya daɗe, na yi rawa a ofis ɗin nan. Na fita bakin titi na sayo awara da yaji, na kira Debby muka ci, na ce mata daga yau makarantar nan ta huta da kwatance.

Na shida, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Jiya Juma'a kafin ƙarfe tara mun buga kati ɗari biyu da wani abu cikin ɗari uku da goma sha biyu. Madam tana tsaye a bayana da sabon leshi, tana duba agogo. Sai aka ɗauke wuta. Aka tada janareta, ka farka, ni kuma a daidai lokacin ina can ina zaro takardar da ta maƙale a firinta, hannuna duk tawada. Na ce, "Debby, taimaka ki rubuta sakamako kawai." Ta matso tana addu'a, ta rubuta da yatsa ɗaya. Ka amsa mata nan take, Ranka ya daɗe. Debby da ka taɓa kora, ka tarbe ta kamar ƙanwarka. Ta yi tsalle ta ce, "Anti, ya yi! Wallahi ya yi! Ashe ba wuya!"

Madam ta dubi Debby, ta dube ka, sannan ta dube ni. Ta ce, "Au, yanzu ba sai an yi dogon rubutun nan ba?" Ni kuma da bakina, ina washe haƙora, na ce, "Har abada, Ma. Na gyara shi gaba ɗaya." Ta ce, "Ko Debby ita kaɗai za ta iya ke nan?" A nan ne murmushina ya fara sanyi. Iyaye suka karɓi kati, aka yi hotuna, aka yabi fenti. Da yamma ta kira ni ta ce saura katin 'yan nazare arba'in da ɗaya, iyayensu Talata za su zo. Ta ce Litinin da safe in huta, Debby ta gwada bugawa ita kaɗai, ni in zo ƙarfe sha biyu mu yi magana. Ta ƙara da cewa darasin yara kuwa malamin lissafi zai iya haɗawa, tunda kwamfutocin ajin guda biyu ne kacal kuma ɗaya ba ta tashi. Ta karɓi mabuɗin ofis ta miƙa wa Debby.

A cikin keke na sake kiran Oga George, niyyata in yi masa gori. Wannan karon bugu ɗaya ya ɗauka. Da na gaya masa, sai ya ce, "A .bashrc kika sa? Haba Anti Ije! Kin zaci ban san wurin ba? Shekara huɗu da layin nan na ci abinci. Takardar nan gado na bar miki, ke kuma kin je kin gyara." Har muka iso kwanar gidanmu ban ce a tsaya ba, mai keken ne ya tsaya da kansa.

Saboda haka, ya Mai Girma, ina janye ƙorafi na ɗaya, da neman gafara. Na yi maka rashin fahimta. Abin da na kira mantuwa ashe tsarin samar da aikin yi ne, kuma ya ciyar da gida guda shekara huɗu ba tare da an taɓa yaba maka ba. Ni ce ban waye ba.

Ga roƙona, ƙarami ne, kuma bai fi ƙarfinka ba. Ban ce ka lalace ba, ban ce ka taɓa makin ɗan kowa ba. Jibi Litinin, wajen ƙarfe takwas, Debby za ta zauna a kujerata ta rubuta sakamako da yatsa ɗaya. Ka dube ta ka faɗa mata kalmomin nan uku da ka saba faɗa mini. Sau biyu ko uku ya isa, har Madam ta zo ta tsaya a bayanta. Ba yaron da zai cutu, ƙarfe sha biyu ina nan tafe, kafin ɗaya an gama arba'in da ɗayan. Kada ka ce me ya sa ban goge layin da kaina ba. Mabuɗi ba ya hannuna, kuma ko yana hannuna, ni 'yar ƙungiyar mawaƙan coci ce, gobe Lahadi a layin gaba zan tsaya, hannuna ba zai iya ba. Kai kuwa ba ka da coci, ba ka da masallaci, ba a taɓa jin ka ba wa kowa haƙuri ba. Ka yi abin nan ya fi sau dubu ba wanda ya roƙe ka. Yau ga mai roƙo ta durƙusa.

Idan kuma ka ƙi, ka riƙe hanyar nan gam ranar Litinin, ba zan sake damunka da wasiƙa ba. Zan riƙe hannun 'yata mu hau keke, ina sane da cewa a duk faɗin Gombe ni kaɗai ce na taɓa koya wa wani ofishi aikinsa har ya koya, kuma ga ladan da aka ba ni.

Taka mai biyayya, mai durƙuso, mai jiran ka yi halinka,

Ijeamaka Aloysius
Malamar Kwamfuta, zuwa ƙarfe sha biyun Litinin
Tumfure, Gombe